Lambar Yanki a Faifan DVD

Lambar yanki wani makulli ne da kamfanonin fim ke sa wa faifan DVD don kada ya yi aiki sai a na'urar kunna faifai ta yankin da aka sayar da shi. An kasa duniya gida shida: Amurka da Kanada na yanki na 1, Turai da Japan na 2, Najeriya da Nijar da Indiya na 5.

Ko an tsallake makullin, da sauran rina a kaba, domin tsarin hoto ya bambanta: NTSC na Amurka layi 525 ne, PAL kuwa 625. Idan tsarin faifan bai dace da nata ba, tsohuwar talabijin kan nuna hoton yana rawa ko babu kala.

Mafita mafi sauƙi ita ce na'urar da ke karɓar kowane yanki. A kwamfuta, sau biyar kawai ake iya sauya lambar.