Taƙaitaccen Tarihin Aikin Yanar Ido

Manufar wannan takarda ita ce nuna cewa aikin yanar ido bai inganta ba sai da aka gane inda cutar take. Likitocin Girka da na Larabawa sun ɗauka wani ruwa ne ke sauka ya daskare a gaban madubin ido. Saboda haka sukan soka allura su ture farin zuwa ƙasa, ba tare da sanin madubin kansa suke turewa ba. Wajen shekara ta 1000, Ammar al-Mausili ya ƙera allura mai rami don zuƙe yana mai taushi.

A 1705 likitan Faransa, Brisseau, ya feɗe idon wani soja da ya rasu, ya tabbatar madubin ne ke dusashewa. Daga nan Daviel ya fara cire madubin ɗungum a 1747, Ridley kuma ya dasa na roba a Landan a 1949.

Abin lura shi ne har yanzu ana yin tsohon aikin allurar a wasu ƙauyukanmu, kuma sau da yawa yakan jawo hawan jinin ido ko makanta. Wayar da kan jama'a ya rataya a wuyanmu malamai.