Ciwon Sukari da Sabunta Ilimin Likita: Waiwaye daga Ƙasar Zuru

Duk wanda ya bi tarihin ciwon sukari a Nijeriya zai tarar cewa ma'aunin da likita yake gane cutar da shi ya canza sau da dama. Wannan ya fi shafar garuruwa irin su Zuru, waɗanda suke nesa da asibitin koyarwa, inda ilimin da likita ya taho da shi daga makaranta kan zama shi ne jarinsa shekara da shekaru.

A farkon zamanin Turawa an ɗauka cewa cutar ba ta cika kama mutanen Afirka ba. A 1901 likita Albert Cook ya rubuta daga Yuganda cewa ba kasafai ake ganinta ba, amma tana saurin kisa. Ko bayan da aka gano insulin a birnin Toronto a 1921, fitsari ne abin dogaro a ƙananan asibitoci. Akan zuba shi cikin ruwan gwaji na Benedict a tafasa, in shuɗin ya koma ja, to, akwai sukari. Illar wannan hanya ita ce, sukari ba ya fitowa a fitsari sai ya haura kimanin miligiram 180 a kowace desilita ta jini, wato da yawa sukan koma gida da cutarsu ba a gane ba.

Binciken da aka yi a Ibadan ya rushe tsohon zato, musamman na Osuntokun da abokan aikinsa a 1971, wanda ya ƙunshi majiyyata 832. A 1992, shekara guda bayan an fitar da Jihar Kebbi daga Jihar Sakkwato, Zuru kuma ta faɗo cikinta, an yi bincike na ƙasa baki ɗaya a ƙarƙashin Farfesa Akinkugbe. An sami kashi 2.2 cikin ɗari, amma a ƙauyukan Mangu bai kai kashi 1 ba, a birnin Legas kuwa ya kai kashi 11. Cutar tana bin sauyin zama ne da na abinci. Saboda haka ƙasar manoma da sojoji kamar Zuru ba ta tsira ba, da zarar mutum ya ajiye fartanya ya kama kujera.

Shi kansa ma'aunin jinin bai tsaya wuri ɗaya ba. A 1985 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da 140 a jinin wanda bai karya kumallo ba, a 1999 ta sauko da shi zuwa 126. Mutumin da aka sallama da 130 a 1990, majiyyaci ne a 2000. A 2011 kuma ta amince da gwajin HbA1c, mai nuna matsakaicin sukari na wata biyu zuwa uku, ta sa iyaka a kashi 6.5. Sai dai sikila da ƙarancin jini suna iya ɓata sakamakonsa, su biyun kuwa ba baƙi ba ne a Arewa.

Daɗin daɗawa, akwai nau'in cutar da ke kama ramammun matasa waɗanda yunwa ta taɓa tun suna yara. Hukumar ta sa shi cikin jerinta a 1985, ta cire shi a 1999, sannan a Afrilun 2025 Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya ta amince da shi a Bangkok a matsayin nau'i na 5. In aka ba irin wannan matashi insulin da yawa bisa zaton nau'i na 1 gare shi, sukarinsa na iya faɗuwa har ya halaka.

Hukumar Likitoci ta Nijeriya ta wajabta wa likita halartar kwasa-kwasan ƙarin ilimi kafin ya sabunta lasinsa. Amma doka kaɗai ba za ta kai likitan Zuru Sakkwato ko Birnin Kebbi ba, in babu wanda zai riƙe masa asibiti, babu kuɗin hanya. Nan ne nauyin ya koma kan ma'aikacin gwamnati mai tsara kasafi da hutu, domin sa hannunsa shi ke yanke hukuncin ko da ma'aunin wace shekara za a auna majiyyacin gobe.