Daga Hukuncin Likita Zuwa Bakin Majinyaci: Tarihin Awon Ingancin Rayuwa a Kansar Furostet

Lokacin da Hugh Young ya yi tiyatar cire furostet gaba ɗayansa a asibitin Johns Hopkins na Amurka a 1904, ma'aunin nasara ɗaya ne: majinyaci ya rayu ko bai rayu ba. Amma furostet, ƙululun nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, yana zaune ne a mahaɗar hanyar fitsari da jijiyoyin mazakuta. Duk maganin da ya taɓa shi yana iya barin yoyon fitsari ko mutuwar gaba. Haka ma hanyar da Charles Huggins ya gano a 1941, ta danne sinadarin mazantaka, tana rage zafin cutar, tana kuma kashe sha'awa da raunana ƙashi.

Yunƙurin farko na auna halin mai kansa shi ne sikelin David Karnofsky na ƙarshen shekarun 1940, daga 0 zuwa 100. Sai dai likita ne ke ba da makin, bisa iya tafiya da aikin majinyaci. Wanda ke zuwa ofis kullum sanye da ƙunzugun tare fitsari yana iya samun 90.

Abubuwa biyu suka sauya lamarin. A 1982 Patrick Walsh ya fara tiyatar da ke kiyaye jijiyoyin mazakuta, sai aka buƙaci hanyar tabbatar da amfaninta. Sannan gwajin jini na PSA ya bazu, aka riƙa gano cutar da wuri a jikin mazan da ke da sauran shekaru masu yawa a gaba. A 1993 Floyd Fowler da abokansa suka tambayi tsofaffin Amurkawan da aka yi wa tiyata kai tsaye. Kusan ɗaya cikin uku ya ce yana amfani da abin tare fitsari, adadin da ya zarce abin da manyan asibitoci ke bugawa. Daga nan aka samu takardun tambayoyi da majinyaci ke cikewa da kansa: na Mark Litwin a jami'ar UCLA, sannan EPIC a 2000, mai auna fitsari, hanji, jima'i da illar danne sinadari.

Darajar wannan awo ta fito fili a binciken ProtecT na Birtaniya, kan maza 1,643 da aka raba tsakanin tiyata, gashi da sa-ido. A 2016, bayan shekara 10, kimanin kashi 1 cikin 100 ne cutar ta kashe, kuma babu wani bambanci na a-zo-a-gani tsakanin rukunonin. Bambancin yana cikin takardun majinyata: wata shida bayan tiyata, kashi 46 na sa ƙunzugu, alhali a rukunin sa-ido kashi 4 ne. Tunda tsawon rai ya zo kusan ɗaya, waɗannan amsoshi ne likita ke shimfiɗa wa sabon majinyaci kafin ya zaɓi magani.