Rikicin gadon iyalan Buss a kan kulob ɗin Lakers

Lakers kulob ne na ƙwallon kwando da ke birnin Los Angeles na ƙasar Amurka. Attajiri Jerry Buss ya saye shi a 1979, kuma a zamaninsa kulob ɗin ya lashe kofin gasar NBA sau 10.

Da ya rasu a watan Fabrairun 2013, sai hannun jarinsa na kashi 66 cikin 100 ya koma ga 'ya'yansa shida a ƙarƙashin asusun amana. Marigayin ya raba ragama gida biyu: 'yarsa Jeanie ce shugaba mai kula da kasuwanci, yayanta Jim kuma shi ke ɗaukar 'yan wasa da masu horarwa. Wannan rabon iko ne tushen saɓanin, musamman da kulob ɗin ya shiga shan kaye kaka bayan kaka.

A Fabrairun 2017 Jeanie ta sauke Jim, ta sallami babban manaja Mitch Kupchak, ta miƙa harkokin wasa ga tsohon tauraron kulob ɗin, Magic Johnson. Jim da babban wansu Johnny suka nemi kiran taron da zai iya raba ta da kujerarta. Ta garzaya kotu, kuma kafin ƙarshen Maris aka tabbatar mata da iko.

A 2020 Lakers ya sake ɗaukar kofi a ƙarƙashinta. A 2025 iyalan suka amince su sayar wa Mark Walter mafi yawan hannun jarinsu, bayan an ƙiyasta darajar kulob ɗin a kan dala biliyan 10.