Kujerar Kaka da Fentin Shuɗi

Jama'a, satin da ya wuce na ciro kujerar tsakar gida ta kakarmu daga cikin tarkace a gidanmu na Birni, nan Damagaram. Ƙanena ya ce a ba mai shayi ya hura wuta da ita. Na ce wallahi ba a yi ba.

Irin wannan kujera ta girmi kafinta a ƙasar nan. Kafin Faransawa su shigo Damagaram a 1899, aikin itace na masassaƙa ne. Gungume guda za a samu, a bi shi da gizago har kujera ta fito da ƙafafunta, ba ƙusa ba gam. Haka turmi, haka akushi. Kwanciya kuwa gadon kara ne ko na ƙasa. Katako da zarto da ƙusa zamanin Nasara suka yaɗu, lokacin da garin nan yake hedikwatar mulkinsu, kafin su mai da ita Yamai a 1926. Ita kanta kalmar kafinta daga Ingilishi ta zo mana, ta hanyar Najeriya.

Daga baya gadon ƙarfe ya shiga ɗakin amare, sai fomeka, yau kuma ga na garin katako da aka matse, wanda ruwa na taɓa shi ya kumbura. A cikin wannan yayi ne wani a gidanmu ya lafta wa kujerar fentin mai, shuɗi, don kar ta ba da kunya gaban sabbin kaya. Fentin nan kwana uku ya ci mini.

Da fasasshiyar kwalba na kankare shi a hankali, ina bin tsawon itacen, sannan na bi da samfefa mai laushi. Ramukan da gara ta yi a ƙafa ɗaya na cike su da dusar katako kwaɓe da gam. Da shuɗin ya tafi sai ga ƙirya, ja mai duhu, ga zanen da masassaƙin ya ƙona a gefe da ƙarfe mai zafi. Da na sa injin gurza kamar yadda wani ya ba ni shawara, da zanen ya tafi tare da fentin. Man kaɗe kawai na shafa mata, sau biyu. Mai sa ƙyalli ban yarda da shi ba, kulle itace yake yi, in ya fara ɓarewa kuma aiki ya dawo sabo.

Abin da ƙanena bai duba ba shi ne itacen. Ƙirya ita ce gawayin maƙera, ita ce turmin mata, ga farin 1973 da na 1984 sun bi dazukanmu. Ku tambayi masassaƙi yau nisan da zai yi kafin ya samu gungumen da kujera guda za ta fito cikinsa.

Ƙafa ɗaya ta fi sauran gajarta, na bar ta yadda take. Inna ta riga ta ja ta bakin murhu.