Jiragen Fito a Tarihin Kanawa: Abin da Hotuna Suka Adana

Gabatarwa

Duk wanda aka haifa a cikin birnin Kano, musamman mu 'yan Soron Ɗinki, ba kasafai yake sanya jirgin ruwa a lissafin tarihinsa ba. Abin da muka buɗi ido muka tarar shi ne allura da zare da manyan riguna a cinyar iyayenmu, ruwan da muka sani kuwa bai wuce na rijiyar gida da kududdufai da Jakara ba. Idan ana maganar kasuwancin Kano, raƙumi da jaki ake fara ambata, sannan jirgin ƙasa da dalar gyaɗa. Alhali kuwa babu ayarin da ya taɓa barin Kano ya nufi Gwanja ko Ikko ko Makka, face sai ya tsaya a bakin wani ruwa ya jira mai fito. Maƙasudin wannan maƙala shi ne waiwayar wannan ɓangare na tarihinmu, tare da bayyana abin da na koya a shekarun da na yi ina ɗaukar hotunan ƙananan jiragen fito, daga kogunan ƙasar Kano har zuwa bakin teku.

Fito Kafin Zuwan Gadoji

Manyan kogunan da suka kewaye Kano ta kudu su ne Kogin Kano da Kogin Calawa, waɗanda ke haɗuwa su gangara ta Wudil su nufi Haɗeja. Da rani rairayi ne, mutum ya taka ya wuce. Da damina ta yi nisa kuwa, sai su cika su tumbatsa, hanyar Zariya da ta gabas su zama sai da taimakon masu fito. Kayan aikinsu iri biyu ne. Akwai gora, wadda mai fito kan kifa cikinsa a kai yana iyo, matafiyi na riƙe, an zuba kayansa a cikin babbar ƙwarya, dabbobi kuma a ja su da igiya suna ninƙaya. Akwai kuma kwale-kwale da ake sassaƙawa daga gungumen itace guda, kamar maɗaci, ana tuƙa shi da filafili ko a riƙa dogara doguwar sanda a ƙasan ruwa. Sana'ar gado ce, kuma a garuruwan bakin kogi tana ƙarƙashin Sarkin Ruwa.

Fataken goro, wato Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, babban abin da ke gabansu a hanyar Gwanja shi ne Kogin Kwara. Ko ta wajen Yawuri da Busa suka bi, ko ta Sayi, dole madugu ya sauke ayari ya yi cinikin kuɗin fito, kuma ƙetarar da jakuna da kaya kan ɗauki kwanaki. Baturen nan ɗan ƙasar Jamus, Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a shekarar 1851, shi ma a cikin kwale-kwale ya ƙetare Kwara a Sayi a watan Yuni na 1853. Ko da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, fito bai ƙare ba, domin a Jebba sai da aka riƙa ɗora taragai a kan jirgin ruwa kafin a kammala gada, haka ma a Makurɗi har zuwa 1932.

Kanawa a Bakin Teku

Daga ƙarshen ƙarni na 19, goro ya fara sauya hanya. Maimakon doguwar tafiyar ƙasa daga Salaga, sai 'yan kasuwa suka koma ɗora shi a jirgin ruwa daga gaɓar ƙasar da a yau ake kira Gana zuwa Ikko, daga baya kuma jirgin ƙasa ya kawo shi Kano. Alhaji Alhassan Ɗantata (1877–1955) yana cikin waɗanda suka yi fice a wannan sabuwar hanya. Abin lura a nan shi ne, a wancan zamani Ankara ba ta da tashar da babban jirgi zai jingina. Can nesa yake tsayawa, sai ƙananan jiragen da matuƙa ke tuƙawa da filafili su ratsa igiyar ruwa su kai masa mutane da huhunan goro. Sai a 1928 aka buɗe tashar Takoradi, ta Tema kuwa sai a 1962. Ke nan dukiyar da ta gina gidaje da yawa a birnin nan ta taɓa zama a cikin ɗan ƙaramin jirgi, tana lilo a kan teku.

Haka abin yake ga mahajjata. Masu tafiya ta ƙasa kan bi ta Barno da Wadai da Darfur har su kai Suwakin ko Fot Sudan a bakin Bahar Maliya. Mai hali ya shiga babban jirgi zuwa Jidda, marar hali kuwa ya nemi jirgin katako mai filafilan iska da Larabawa ke kira sambuk. Kakana na wajen uwa, Allah Ya jiƙansa, a irin wannan jirgi ya ƙetare, bayan ya yi shekaru yana ɗinki a garuruwan Sudan yana tara guzuri. Ina yaro yakan ba mu labarin yadda suka kwana a zaune, gwiwa na gugar gwiwa, ana raba musu ruwan sha da ɗan ƙaramin gwangwani. Na tambaye shi kamannin jirgin ya fi a ƙirga, yakan zana mini shi da yatsa a ƙasar zaure. Ko hoto ɗaya babu. A shekarar 1948 Alhaji Mahmud Ɗantata da Alhaji Haruna Kassim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai ta WAPA, wadda wata unguwa a Fagge ta gaji sunanta, daga nan motoci sannan jiragen sama suka karɓi aikin, wancan zamani ya shuɗe.

Yadda na Fara Ɗaukar Hotunan

Na shiga aikin gwamnatin Jihar Kano a shekarar 1981, kuma yawancin aikina na rangadin ƙauyuka ne. A lokacin an riga an sauya fuskar ƙasar Kano da madatsun ruwa: Bagauda da Tiga a zamanin Gwamna Audu Baƙo, an kammala Tiga a 1974, sai Watari da ke Ɓagwai a ƙarshen shekarun 1970, daga baya kuma Calawa ta Ƙaraye a 1992. Waɗannan madatsu sun kawo noman rani da ruwan sha da kifi, amma sun kuma shiga tsakanin wasu ƙauyuka da kasuwanninsu da danginsu. Inda dā ake takawa da ƙafa, sai ya zama ko a shiga kwale-kwale ko a yi dogon zagaye. Da haka gadoji suka kashe fito a manyan hanyoyi, madatsu kuma suka raya shi a cikin lunguna.

A 1984 na sayi kyamara ƙirar Yashica, ta hannu, a Sabon Gari. Zanen kakana a ƙasar zaure ne ya sa duk inda na ga jirgin fito sai na tsaya. Sannu a hankali na koyi abubuwan da babu wanda ya koya mini. Hoton ruwa da sassafe ko da la'asar sakaliya ake ɗaukarsa, domin da tsakar rana ƙyallin ruwa kan mayar da mutanen cikin jirgi baƙin inuwa. Rana ta kasance a bayan mai ɗauka. Tunda jirgi ba ya tsayawa cak, sai an sa kyamara ta ƙifta da sauri, in ba haka ba hoton ya fito dishi-dishi. Fim ɗaya hoto 36 yake ɗauka, ga tsadar wanki, saboda haka mutum ba ya dannawa sai ya tabbata. Mafi muhimmanci kuma shi ne neman izini, musamman idan akwai matan aure a cikin jirgi. Nakan fara gaida Sarkin Ruwa ko babban masu fito, in kuma na sake komawa in kai musu kwafin hotonsu.

Watannin Badagiri

A shekarar 1993 aka tura ni kwas a kwalejin horar da manyan ma'aikata ta ASCON da ke Topo, a Badagiri. A nan na fara ganin fito irin na bakin teku. Badagiri ba baƙuwa ba ce a tarihinmu, domin daga nan Kyaftin Hugh Clapperton ya taso a ƙarshen 1825, ya iso Kano a 1826, ya rasu a Sakkwato a 1827. Tsakanin garin da teku akwai wani dogon ruwa kwantacce, kuma daga bakinsa ake ɗaukar mutane zuwa tsibirin Gberefu, inda a zamanin cinikin bayi ake bi da su zuwa manyan jirage. Ranakun hutu nakan tafi can da kyamarata, wani lokaci kuma in shiga Ikko in ɗauki masu fito tsakanin Apapa da Marina. A nan aka ba ni labarin jiragen fasinja biyu da gwamnatin Alhaji Lateef Jakande ta ƙaddamar a 1983, Baba Kekere da Ita Faji.

Jiragen can sun bambanta da namu. Yawancinsu da katako aka harhaɗa su, sun fi namu faɗi da tudun baki, an ɗaura musu injin Yamaha a baya. Fasinjojinsu 'yan kasuwa ne da 'yan makaranta da ma'aikata, har da Hausawanmu masu sayar da albasa da masu facin takalmi, suna shiga suna fita ko a jikinsu. Iskar wurin mai gishiri ce da laima, kafin in ankara ta fara cin ƙarfen kyamarata, gilashinta ya soma yin fumfuna. Sai na koma naɗe ta a leda da ɗan ƙullin shinkafa domin ya tsotse danshi.

Hoton Watari

A daminar 2007 rufin ɗakin da nake ajiye takarduna ya yi yoyo, ban farga ba sai da dodannin hotuna suka manne da juna. Daga cikin hotuna kusan 200, abin da na tsira da shi bai kai 70 ba. Wani sakacin nawa kuma shi ne, da yawa ban rubuta wuri da rana a bayansu ba, ina ganin ba zan manta ba. Yau ga su nan ina juyawa, na kasa rarrabe Tiga da Calawa.

Akwai guda ɗaya da na rubuta a bayansa: Watari, ranar kasuwa, 1989. Na daɗe ina alfahari da shi, domin hasken ya yi kyau, launin zannuwan mata ya fito sarai. Na tuna na ce wa dattijon da ke tuƙi, "Baba, jirgin nan bai yi nauyi ba kuwa?" Ya ce, "Ranka ya daɗe, in na bar su sai gobe. Wa zai kwana a bakin ruwa da mata da yara?" Muka yi dariya, na danna kyamara, na shiga mota na koma Kano. A rahoton rangadin da na rubuta, ban ambaci jirgin ba ko da layi ɗaya.

A shekarar 2008 jirgi ya kife a wannan ruwa, aka yi asarar rayuka. Ranar Talata 30 ga Nuwamba 2021 kuma, wani jirgin da ya taso daga Badau zuwa Ɓagwai ya nutse, akasarin mutanen cikinsa ɗaliban Islamiyya ne da ke kan hanyar zuwa taron Mauludi. A kwanakin farko an tabbatar da rasuwar mutum 29, kuma lodi fiye da kima ne aka danganta hatsarin da shi. Gwamnatin jiha ta dakatar da fito a wurin, ta kafa kwamitin bincike. A watan Mayun shekarar ma an yi makamancin wannan a Wara ta Jihar Kebbi, inda mutane masu yawan gaske suka halaka. Allah Ya jiƙansu baki ɗaya.

A daren da labarin Ɓagwai ya iso, na ɗauko hoton 1989 na sa tabarau na ƙirga. Kawuna 41 na samu, ban da kekuna biyu da buhunan hatsi. Tsakanin bakin jirgin da ruwa bai wuce faɗin tafin hannu ba. Babu rigar kariya ko ɗaya. Shekara 32 hoton yana cikin akwatina yana faɗin abin da zai faru, ni kuwa launin zane nake kallo. Ban ga laifin dattijon ba, gaskiya ya faɗa mini: jirgi ɗaya ne, mutane sun yi yawa, dare na tahowa. Ni da nake da biro da ofis, ni ne ya kamata in kai maganar gaba.

Kammalawa

Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma na fahimci cewa hoto ba ya amfani sai an san inda aka ɗauke shi, an kuma tsaya an karanta shi kamar takarda. Saboda haka nake ba da waɗannan shawarwari. Na farko, duk mai ɗaukar hoton jirgin fito, ko da wayar hannu ce, ya rubuta sunan mashigin da rana da irin jirgin da kuɗin da ake biya, ya kuma ɗauko jirgin ta gefe yadda za a ga iyakar ruwa a jikinsa. Na biyu, a ziyarci dattawan masu fito na Wudil da Tamburawa da sauran garuruwan bakin kogi a naɗi bayanansu tun suna raye. Na uku, gidajen da ke da tsofaffin hotunan fatauci ko na aikin hajji su bari a kwafe su a adana a Gidan Ɗan Hausa ko Gidan Makama, kada abin da ya sami nawa ya same su. Na huɗu, a riƙa miƙa irin waɗannan hotuna ga ƙananan hukumomi da Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1997 mai hedikwata a Lakwaja, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Hotunan da suka rage mini na jera su a kundi, na rubuta abin da na iya tunawa a ƙarƙashin kowanne. Na Watari na sa shi a shafin farko, da adadin mutanen da na ƙirga.