Tsangaya: Makarantar Kwana Ta Ɗan Talaka

Idan aka ce makarantar kwana, hankalinmu yakan tafi kan Kwalejin Katsina ko makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawar Kano a 1909. Amma tun kafin zuwan Turawa, ƙasar Daura, kamar sauran ƙasar Hausa, tana da tata makarantar kwana wadda ba ta korar yaro don ubansa ba shi da ko anini, wato tsangaya.

Abin tambaya shi ne, wa ya riƙe ta? Amsa ita ce jama'ar gari. Da damina almajirai suna noma gonar malam. Da kaka manoma su fitar da zakkar hatsi, dami ɗaya cikin goma, malam ya sami rabonsa. Ga kuɗin Laraba, ga kuma uwar ɗaki a unguwa wadda ke ajiye wa kolo tuwon dare kamar ɗan cikinta. Da wannan taimakekeniya kolo ya zama titibiri, ya zama gardi, har wani ya kai alaramma. A 1914 Lugga ya ƙiyasta cewa makarantun allo a Arewa sun kai 25,000.

Bayan da Turawa suka ci ƙasar nan, haraji ya koma baitulmalin En'e, aikin gwamnati kuma ya koma hannun mai takardar boko. Daga baya fari ya yi ta aukuwa, musamman na 1973 da na 1984, rumbuna suka bushe, malamai suka kwaso yara zuwa birane inda babu gona. Ɗalibai suka ƙaru, masu ciyarwa suka ragu, bara ta cinye lokacin karatu. Mu mutanen Daura mun ga ƙarshen wannan sakaci a watan Oktoba na 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutum 67 daga wani gidan mari a cikin garin nan.

Hukuma ta yi nata yunƙurin. A 2012 Shugaba Jonathan ya buɗe makarantar almajirai ta zamani a Gagi ta Sakkwato, aka kuma gina ire-irenta a jihohi da dama, amma da yawa daga cikinsu sun lalace don rashin kulawa. A 2023 Shugaba Buhari, ɗan garin nan, ya sa hannu a dokar kafa hukumar ilmin almajirai.

Darasin da tarihi ya bar mana a fili yake. Ba gini ne ya raya tsangaya ba, tukunyar maƙwabta ce da rumbun manomi. Duk wanda zai gina wa ɗan talaka makarantar kwana, to ya fara da tanadin abin da yaron zai ci da wanda zai lura da shi, domin da ruwan ciki ake jan na rijiya. Allah ya sa mu gane.